Gorar enaji kafin jim, ataya bayan isha: kafeyin na ƙara ƙarfi ko zuciya yake lalatawa?

Tambayar da aka turo: "Salam Malam, ni ɗan shekara 27 ne a Jos, ina sayar da kayan waya a wajen Taminus, nauyina kilo 70. Da safe ina shan neskafe a teburin mai shayi, da rana na ɗan ci goro, bayan magariba na sha babbar gorar enaji na shiga jim, daga nan na wuce majalisa a sha ataya. Ran Lahadi da safe kuma ƙwallo. Wani ya ce min kafeyin na ƙara ƙarfi yana ƙona tumbi, wani kuma ya ce zuciya yake kashewa. Ni dai barci yana min wuya, kuma wani lokacin ina jin ƙirjina na bugawa. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, kuma tun da samari suka rungumi harkar jim a garin nan irin tambayarka ba ta yankewa, to ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Abin da ya fara tsaya min a rai a bayaninka shi ne agogo. Kusan duk manyan kafeyin ɗinka, wato sinadarin nan mai wartsakarwa da ke cikin kofi da shayi da goro da enaji, daga magariba zuwa sama kake zuba su a ciki, kuma inaga nan ne rabin matsalarka take, amma sai ka gane yadda abin yake aiki a jiki tukuna sannan maganar za ta zauna maka.

Tun da ka farka da asuba ƙwaƙwalwarka take tara wani sinadari da ake kira adinosin, yana taruwa a hankali yana kama wasu gurabe a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, idan ya yi yawa shi ne za ka ji ido ya yi nauyi jiki ya mutu, kuma barci ne yake rage shi. To kafeyin siffarsa ta yi kama da ta adinosin, sai ya riga shi zuwa waɗannan guraben ya zauna ya tare, shi adinosin yana nan yana ta taruwa amma saƙonsa ba ya isa inda aka aike shi. Kamar direban da ya manna baƙin salatif a kan fitilar da ke nuna mai ya kusa ƙarewa ne, ya daina ganin jar wuta amma tankin bai ƙaru da ko ɗigo ba. Shi ya sa idan kafeyin ɗin ya sake ka sai gajiyar ta zubo maka gaba ɗaya. Banda wannan kuma yana ɗan zaburar da jijiyoyi, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya ɗan hau, hannun wasu har rawa yake.

Yanzu maganar lokaci. In ka sha, cikin minti 30 zuwa awa ɗaya ya kai ƙololuwa a jini. Fitarsa ce ke da jan rai, domin a yawancin mutane sai an yi wajen awa 5 kafin hanta ta kawar da rabinsa kawai. Yi lissafin da kanka: yawancin lemukan enaji suna da wajen miligiram 30 a kowane mililita 100, gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da 80, Monster na mililita 500 yana da 160, na gida irin su Fearless da Predator ka juya gorar ka karanta, a rubuce yake a jiki. Mu ce taka mai 160 ce ka sha da ƙarfe 7 na yamma, to sha biyun dare akwai sauran 80 a jininka, wato kamar ka shanye ƙaramin gwangwani kenan ka hau gado, da kiran sallar asuba ma akwai sauran 40. Wannan fa ban saka atayar majalisa ba, wadda ake zuba ganye da yawa a ɗan ruwa kaɗan a tafasa shi ya tafasu, zagayen farko ɗin nan mai ɗaci ba wasa ba ne duk da ƙanƙantar kofin.

Akwai wani bincike da aka wallafa a 2013 a Amurka, aka ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin su kwanta, da aka auna da na'ura sai aka ga barcinsu ya ragu da sama da awa ɗaya, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne su mutanen ba su ma ankara da girman asarar ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce ko miligiram 100 in aka sha kusa da kwanciya yana iya taɓa barcin wasu. Saboda haka abokinka na majalisa da ke cewa shi ko ya sha ataya zagaye uku yana kwanciya yake minshari, to wataƙila gaskiya yake faɗa, mutane sun bambanta, akwai wani sinadarin hanta mai suna CYP1A2 da shi ke sarrafa kusan duk kafeyin ɗin kuma gado ne, na wani mai sauri na wani mai nawa, mai shan sigari ma nasa yana fita da sauri kusan ninki biyu, amma yin barci daban samun barci mai nauyi daban, kafeyin yana rage zurfinsa ko da mutum bai farka ba. Kai dai jikinka ya riga ya ba ka amsa tunda ka ce barci na maka wuya.

Mu tara na yininka gaba ɗaya. Neskafe kofi ɗaya yakan kama daga miligiram 60 zuwa 100, ya danganta da yadda mai shayin ya cika cokali, kuma mun san su in kai kwastoma ne na kullum hannunsu a sake yake. Shayin Lipton kofi ɗaya wajen 40 zuwa 70. Goro da mutane ke rainawa kusan kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa kafeyin ne, goro guda madaidaici yana iya kamo kofin kofi ko ya wuce shi, sai dai shi a hankali ake ci. Gwangwanin Coca-Cola wajen 30 zuwa 35. Ka haɗa neskafe da goro da enaji da ataya za ka ga kana shawagi a bakin 400 ko ka ɗan tsallake, kuma 400 ɗin nan ita ce iyakar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da ita wancan hukumar ta Turai a 2015 suka ce babba mai lafiya zai iya sha a yini ba tare da fargaba ba, su na Turai suka ƙara da cewa a zama ɗaya har zuwa 200 babu damuwa. To kaga yawan naka bai kai na tashin hankali ba, a bakin gaɓa kake, amma rabon da ka yi masa ne ya karkace, fiye da rabi da daddare.

Sai tambayarka ta ainihi, yana ƙara ƙarfi? E, yana yi, wannan ba tallar kamfani ba ce, yana cikin 'yan tsirarun abubuwan da aka gwada aka sake gwadawa a kan 'yan wasa kuma sakamakon ya tsaya. Har an taɓa saka masa iyaka a wasannin duniya, sai a 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta cire shi daga jerin haramtattu ta bar shi a cikin waɗanda ake sa wa ido kawai. Ma'aunin da masana abincin 'yan wasa suka tsaya a kai shi ne miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin mutum, a sha wajen awa ɗaya kafin a fara. Kai mai kilo 70 kenan daga 210 ya fara, kuma ni da za ka bi ta tawa ba za ka ma kai can ba, 100 zuwa 150 ya ishi mai motsa jiki don lafiyarsa, domin da yawa suna samun amfanin tun daga miligiram 2 a kilo. In aka haura zuwa 9 a kilo ba ƙarin ƙarfi ake samu ba sai tashin zuciya da rawar jiki da gudawa.

Amma nawa ne ƙarin? A aikin juriya, wato gudun fanfalaki da tseren keke da makamantansu, wajen kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ne. Ga yaran Filato masu gudun dogon zango da ake rabuwa da daƙiƙoƙi wannan babban abu ne, shi ke raba na ɗaya da na biyar. A ɗaga ƙarfe kuma amfanin ya fi ƙanƙanta, ka ɗan ƙara ɗagawa sau ɗaya ko biyu, ka ji nauyin bai kai yadda yake ba, shikenan. Mafi yawan aikinsa a kai yake, yana rage maka jin wahala da zafin tsoka. Ba ya gina tsoka ko ƙwaya ɗaya. Tsoka a jim ake gajiyar da ita, abinci da barci ke gina ta, to duba cinikin da kake yi: ka sayi ƙarin ɗagawa biyu da yamma, ka biya da awa ɗaya ko fiye na barcin da tsokar za ta warke a cikinsa, gari ya waye ka tashi a mace ka nemi neskafe mai ƙarfi, da rana goro, da yamma jiki ya ƙi tashi sai an ba shi enaji, haka kake ta zagaye. Hausawa sun ce ba a cin bashin barci. Ni a ganina wannan cinikin faɗuwa kake yi.

Inda kafeyin zai maka rana shi ne ƙwallon ran Lahadi da safe. Nan ne ya dace, gudu ne na minti 90 ana tsayawa ana zabura, kuma kafin dare yawancinsa ya fita. Kofin neskafe ɗaya awa ɗaya kafin a take leda, da ɗan abin da za ka sa a ciki da ruwa, ya wadatar. Kuma in ka rage shansa a sauran ranakun mako za ka fi jin tasirinsa, domin jiki yana sabawa da shi.

Maganar ƙona tumbi kuwa kada ka ɓata kuɗinka. Gaskiya ne yana ɗan ɗaga yawan kuzarin da jiki ke ƙonawa na 'yan awanni, amma ɗan kaɗan ne kuma yana raguwa da sabo. Shi kuwa sikarin da yake zuwa tare da shi ba ya raguwa. Ƙaramin gwangwanin mililita 250 yana ɗauke da wajen giram 27 na sikari, babbar gora tana iya ninka haka, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ka ɗora madarar gwangwani da sikarin shayin safe, ka ɗora ataya da ita ma rabinta sikari ce. Abin da ka ƙona a jim ka riga ka sha shi tun a bakin ƙofa. Ga kuma rashin barci da kansa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

To zuciya fa. Ga mai lafiya, kofi ko shayi daidai misali ba a same su da kashe zuciya ba, manyan binciken da aka bi dubban mutane shekara da shekaru ma sun nuna masu shan kofi daidai gwargwado sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon suga nau'i na 2 da wasu cututtukan hanta, sai dai irin wannan binciken alaƙa yake nunawa ba hujjar cewa kofin ne ya jawo ba, kuma an ga amfanin har a masu shan kofin da aka cire wa kafeyin, ma'ana wasu sinadaran ne na cikin kofin, saboda haka kada wani ya ɗauki wannan ya jingina wa gorar enaji. Abin da kafeyin ke yi tabbas shi ne ɗaga jini kaɗan na wasu awanni, musamman ga wanda bai saba ba, shi ya sa ake cewa kada a sha shi minti 30 kafin awon jini. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai matsalar bugun zuciya, da mai yawan fargaba da firgita, su kam su yi magana da likitansu kafin su kusanci enaji ko hodar da ake sha kafin jim.

Bugawar ƙirjin da kake ji, mafi yawan lokaci a irin shekarunka kafeyin ne da rashin barci suka haɗu, kuma yana lafawa in aka rage. Amma ba zan ce maka shi ne ba tare da an duba ka ba, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo da wasu cututtukan zuciya da ake haihuwar mutum da su duk suna kawo haka. Je a auna jininka, ko a kemis ɗin unguwa mai rajista ne. In kuma bugawar tana zuwa da ciwon ƙirji, ko numfashi ya ɗauke, ko jiri, ko ka taɓa sumewa a fili, ko a danginku akwai wanda ya yanke jiki ya faɗi yana matashi, to ka ajiye jim ɗin ka tafi asibiti a yi maka gwajin bugun zuciya na ECG, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibitin Plateau Specialist duk suna yi, kada ka tsaya jiran ganin ko zai wuce.

Akwai ɓangaren da ya fi shafar aikina kuma mutane ba su cika sani ba. Panadol Extra kowace ƙwaya tana da miligiram 65 na kafeyin, in ka haɗiyi biyu ka sha 130 kenan, kuma da yawa daga magungunan ciwon jiki da na mura da ake saye a kan kanta haka suke, ka riƙa duba kwalin. Mai shan irin waɗannan kullum yana iya faɗawa tarkon da maganin ne da kansa ke dawo masa da ciwon kan. Sannan sifro, wato ciprofloxacin da ake yawan bayarwa in an ce taifot, yana danne wancan sinadarin hantar, sai kafeyin ya daɗe a jiki fiye da yadda ya saba, mutum ya sha shayinsa na kullum ya kwana ido biyu zuciya na dukan uku-uku ya ɗauka cutar ce ta tsananta. Mai shan maganin asma irin tiyofilin ma ya kiyaye, dangi ɗaya ne da kafeyin. Hodar da ake sayarwa ta sha kafin jim kuwa wata cokali ɗaya yana kai 300, kuma na ga samari na watsa ta a baki a bushe don a ɗauke su bidiyo, wannan ganganci ne. Zallar hodar kafeyin ta fi haka muni, FDA ta ce ƙaramin cokali ɗaya daidai yake da kofi wajen 28, kuma miligiram 1,200 a lokaci ɗaya yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda kuma yake jefa tiramol a cikin enaji ko shayi don ya yi aiki bai gaji ba, tiramol shi kaɗai yana kawo jijjigar nan, ina ga an haɗa shi da abin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa. In akwai mai yi a majalisarku ka ja shi gefe ka gaya masa.

Ruwa: ana cewa shayi da kofi na busar da jiki, ga wanda ya saba ba haka ba ne sosai, fitsarin da suke ƙarawa kaɗan ne. Amma ba su maye gurbin ruwa a fili, kuma a sanyin Disamba da Janairu na garin nan mutum ba ya jin ƙishi sai ya manta. Tunda na ambaci sanyi, wannan al'adar tamu ta kurɓar shayi yana tururi daga tukunya, a 2016 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 a cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙogwaro, wato hanyar da abinci ke bi. Zafin ne matsalar ba ganyen ba. Bar mai shayi ya sheƙa maka shi ya ɗan huce. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kuma, kafeyin ba shi ke haddasa gyambon ba amma yana ƙara ruwan tsamin ciki, baƙin kofi ko ruwan bunu a kan yunwa zai tayar masa.

Ga 'yan uwa mata da ke karantawa, mai juna biyu kada ta wuce 200 a yini, har da goro da lemo a lissafin, domin a watannin ƙarshe kafeyin yana iya ɗaukar awa 10 zuwa 15 kafin rabinsa ya fita kuma yana ratsawa ya isa ga jariri. Mai ƙarancin jini ta raba shayi da abinci ko maganin ƙarin jini da aƙalla awa ɗaya, shayi yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe. Yara kuwa enaji ba nasu ba ne sam, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi haka tun 2011, amma sai ka ga ɗan firamare riƙe da gora an saya masa a biki.

Kai ga abin da zan ce ka yi. Kada ka yanke gaba ɗaya dare ɗaya, in ka yi haka cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai zai sauko da kasala da saurin fushi, yana iya kai mako guda ko ya ɗan wuce, kuma irinsa ne ciwon kan da ke kama 'yan shayi da 'yan goro a farkon azumi, shi ya sa nake ce wa mutane su fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban. Bar neskafenka na safe yadda yake. Goro ka tsaya da shi daga azahar. Gorar enaji ta magariba ita za ka fara cirewa, makon farko ka sha rabi, na biyu ka maye gurbinta da ayaba biyu ko dabino da ruwa minti 30 kafin ka shiga, kwanakin farko za ka ji ƙarfen ya yi nauyi, ka daure, barci na gyaruwa ƙarfin zai dawo. In da hali ka mayar da jim ɗin safe kafin ka buɗe shago, sai neskafen ya yi maka aiki biyu. Majalisa kuma ba zan raba ka da mutanenka ba, na san in ka ƙi karɓar kofi sai an yi maka tsiya, ka bar zagayen farko da na biyu su wuce ka karɓi na uku da ganyen ya riga ya saki, ko ka ce a dafa maka na citta da kanumfari da na'a-na'a ba ganyen shayi. Ka yi haka mako uku, ka auna jininka sau biyu a tsakani da safe kafin ka sha komai, in bugawar ƙirjin ba ta daina ba ka je asibiti ko da babu sauran alamomin da na lissafa.